Danƙon wasa ya bushe a kitso: almakashi, mai, ko tsami?

Uwar yarinya, daga unguwar Karkada a Damagaram:
Assalamu alaikum. Jiya da la'asar ƙanin mijina ya iso daga Yamai da tsarabar yara, a cikinta har da wani abin wasa kore mai danƙo da yauƙi, wanda yaran suke kira silaim. Ƴata mai shekara 6 ta yi barci da shi a hannu, da asuba muka tarar ya malale ya shiga kitson da aka yi mata kwana uku da suka wuce, daga ƙeya har kusa da kunne, kuma iskar hunturu ta riga ta busar da bayansa. Surukata ta ce duk danƙon da ya bushe a gashi ba shi da magani sai almakashi, maƙwabciyata kuma ta ce kananzir zai cire shi nan take. Ban taɓa kan ba tukuna, domin ina son in ji ta bakinku.

Dattijuwa, daga Birni:
Wa alaikumus salam, ƴata. Surukarki ta faɗa miki gaskiya. Na raini ƴaƴa da jikoki, na sha ganin cingam ya maƙale a kan yaro, kuma ban taɓa ganin an ci ribar ja-in-ja da shi ba, sai kuka da ciwon kai. Gashin yarinya mai shekara 6 ciyawar damina ne, in an datse yau, kafin a ankara ya tsiro. Ki kuma tuna cewa a garin nan ruwa saya ake yi a wurin ƴan garuwa, saboda haka ban ga dalilin ƙarar da jarka guda a kan abin da almakashi zai gama cikin minti ɗaya ba.

Mai kitso, daga Zango:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, amma a wannan karon ban bi bayanki ba. Yankan da za a yi daga ƙeya zuwa kunne ba ƙaramin gurbi zai bari ba, kuma ni ce zan sha wahalar ɓoye shi a kowane kitso har wata da watanni, ita kuma yarinyar ta sha tsokanar ƴan ajinsu. An kawo mini yara da irin wannan danƙo, kuma ban taɓa ɗaukar almakashi ba. Man gyaɗa nake zubawa, ko in narka man kaɗanya ya yi ɗumi, in shafe wurin sosai, in bar shi ya jiƙa, sannan in riƙe gindin gashin da hannu ɗaya domin kada fatar kai ta ji ja, in fara tsefewa daga bakin gashi ina hawa sama a hankali. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su sa mataji tun daga gindi alhali danƙon yana bushe. A nan ne gashi yake tsinkewa, sai a ce danƙon ne ya cinye shi.

Malamin kimiyya na sakandare, daga Sabon Gari:
Hajiya mai kitso ta yi daidai da ta hana yanka, amma ina da ja a kan cewa mai shi ne maganin farko. Cingam da silaim ba abu ɗaya ba ne, Gwaggo, ko da yake dukansu suna danƙo. Cingam ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa mai yake sassauta shi. Silaim kuwa yawancinsa ruwa ne, ana haɗa shi da gam irin na makaranta da wani gishiri da ake kira borakis. Gam ɗin dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, borakis kuma shi ne yake ƙulla zaren nan da wancan har su zama raga mai miƙewa. Wanda kamfanin Mattel na Amurka ya fara sayarwa a 1976 da garin ƙwayar wata shuka mai suna guwar aka yi shi, amma shi ma borakis ne ya ɗaure shi. To, ƙullin nan ba ya jure tsami: da zarar ruwan khal ko ruwan lemun tsami ya ratsa shi, sai ya kwance, ragar ta koma ruwa-ruwa, ruwan ɗumi ya tafi da ita. Mai ba ya kwance ƙullin, santsi kawai yake ba gashi domin danƙon ya zame. Mata sun riga mu sanin irin wannan a madafa, domin duk mai miyar kuɓewa ta san kanwa tana tayar da yauƙi, tsami kuma yana kashe shi. Saboda haka kada kowa ya kusanto da ruwan kanwa ko ruwan toka, ƙara masa ƙarfi za su yi.

Mai kitso:
Malam, na ji bayaninka kuma na ƙaru, sai dai a allo kake magana, ni kuwa kai nake riƙewa. Kitson kwana uku bai gama sakin fata ba, wani lokaci ma akwai ƴan ƙuraje a gefen goshi da ƙeya saboda ja. Ka zuba lemun tsami a irin wannan fatar ka ga ko yarinyar za ta sake zama, balle ya gangara ido. Mai ko ya shiga inda bai kamata ba, ba ya sa yaro ihu.

Malamin kimiyya:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Hajiya, kuma na karɓe ta. Abin da zan ce shi ne a sirka: ruwan khal na girki, wanda tsaminsa yake wajen kashi 5 cikin 100, a gauraya shi da ruwan ɗumi ninki biyu, a jiƙa tsumma a riƙa matsa shi a kan igiyar kitson da abin ya shafa, ba a kwarara a kai ba, yarinyar kuma ta kwantar da kanta baya da tawul a goshi. Amma ina nan a kan bakana game da wanda za a fara. Idan aka fara da mai, ya lulluɓe danƙon, to ruwan tsamin zai riƙa zamewa ta kansa, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Tsami da ruwan ɗumi su fara, a cire abin da ya narke da yatsu, sannan manki ya zo wurin tsifa da taza.

Mai sayar da fenti, daga kasuwar Dole:
Ku yi haƙuri in sa baki. Kun bar maganar kananzir kamar ba ta da tushe, alhali kullum da shi muke wanke fenti daga hannu, fentin da sabulu ya kasa. Ɗan kaɗan a auduga, a goge, a wanke da sabulu, ina laifinsa?

Ma'aikaciyar jinya, daga Garin Malam:
Alhaji, laifinsa babba ne, kuma a nan ba zan sassauta ba. Kananzir yana ƙona fatar yaro idan ya daɗe a kanta, gashi kuma yana riƙe shi, ga shi lokacin sanyi ne da kowane gida yake da garwashi ko murhu a tsakar gida. Yarinya ta matsa jin ɗumi da kai mai kananzir, sai dai Allah ya kiyaye. Idan kuma ya shiga baki ta sarƙe, ɗigo kaɗan ya isa ya taɓa huhu, shi ya sa ba a sa yaron da ya sha kananzir amai, asibiti ake kai shi kai tsaye. Fetur da ruwan goge farce su ma kada su zo kusa da kan yaro. Ina kuma roƙon iyaye su lura da abin wasan kansa. Dokar kayan wasa ta Tarayyar Turai ta iyakance sinadarin boron, wanda ake samu a cikin borakis, da irin wannan danƙo zai iya saki zuwa miligiram 300 a kowane kilo, kuma a 2018 hukumar ANSES ta Faransa, mai kula da lafiyar abinci da muhalli, ta gargaɗi iyaye kan wanda yara suke haɗawa da kansu a gida, saboda ƙaiƙayi da ƙunar fata. Idan aka gama cirewa aka ga wurin ya yi ja ko ya kumbura, a kai ta a duba.

Malamin kimiyya:
Ƙari a kan haka, Alhaji, fentin da kake wankewa na mai ne, kananzir kuma ɗan'uwan mai ne, shi ya sa yake narkar da shi. Silaim na ruwa ne, don haka ko an ɗauki kasadar, kananzir ba zai narkar da shi ba.

Dattijuwa:
Maganar kananzir dama ban goyi bayanta ba. Amma ƴaƴana, duk kun manta da mai kan. Wa zai zaunar da yarinya ƙarama awa guda ana jiƙawa ana tsefewa? Ni dai in abin ya tsaya a bakin igiya ɗaya ko biyu, har gobe datsewa zan yi, in huta, ita ma ta huta.

Mai kitso:
In a bakin igiya ne kawai, Gwaggo, ni ma ba zan yi musu ba, domin dama muna datse baki. Na wannan yarinyar ya kai gindi, shi ne bambancin.

Uwar yarinya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Babu ruwan khal a gidan, sai na matse lemun tsami uku a kofin ruwan ɗumi, na yi ta matsa tsumma a kan igiyoyi huɗun da abin ya kama. Wanda yake da sauran laushi ya narke da wuri, amma busasshen na ƙeya sai da na naɗe shi da tsumma mai ɗumi na ɗan lokaci kafin ya saki. Sau ɗaya ta ce yana mata zafi a bayan kunne, na ɗauraye wurin nan take. Daga nan na shafa man gyaɗa na tsefe igiyoyin daga baki kamar yadda Yaya mai kitso ta ce, na wanke da sabulu sau biyu, ruwan da ya tafi duka bai kai bokiti ɗaya ba. Gashi kaɗan ya biyo mataji, irin wanda yake fita a kowace tsifa. Surukata ta duba ta ce man ne ya yi aikin, mijina ya ce lemun ne. Yaya, ko kina da wuri ranar Asabar da safe in kawo ta a mayar da igiyoyin nan huɗu?