Francis Drake: gwarzon Ingila ne ko ɗan fashin teku?

Malam Bala: Assalamu alaikum. Ni a ganina Francis Drake, wanda Turawan Ingila suke yi wa kirari, ɗan fashin teku ne da ya dace da uwar ɗaki. A watan Maris na 1579 ya tare jirgin Sifaniya mai suna Nuestra Señora de la Concepción a tekun Fasifik, ya kwashe azurfa da zinariyar da ke ciki, alhali kuwa babu yaƙi tsakanin ƙasashen biyu a lokacin. Wanda ya ƙwace kayan mutane ba a fagen fama ba, wane suna ya cancanta?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, kana auna mutumin ƙarni na 16 da mudun yau. A wancan zamani sarakunan Turai kan ba masu jirage izinin far wa abokan hamayya, kuma Sarauniya Elizabeth ta karɓi rabonta daga ganimar, sannan aka ba shi sarautar Sir a cikin jirginsa Golden Hind a Deptford, kusa da Landan, a 1581. Kada kuma a manta cewa da jirage biyar ya bar tashar Plymouth ta Ingila a 1577, nasa kaɗai ne ya kewaye duniya ya dawo a 1580, abin da Magellan, jagoran ayarin farko da ya kewaye duniya, bai rayu ya gani ba.

Malam Bala: Hajiya, ina takardar izinin? A 1578, a gaɓar San Julián da ke Kudancin Amurka, lokacin da Drake ya gurfanar da abokin tafiyarsa Thomas Doughty bisa zargin tayar da bore, Doughty ya nemi a nuna masa takardar da ta ba Drake ikon yi masa shari'a, ba a nuna ba, aka fille masa kai. Rabon da sarauniya ta karɓa bai wanke Drake ba. Ita ma ya shafa mata kashin kaji ne.

Aminu: Malam da Hajiya, ku gafarce ni, amma kun tsallake abin da ya fi shafarmu. Kafin a san Drake da komai, yana cikin ayarin ɗan'uwansa John Hawkins wanda ya kama mutane a yankin Saliyo a tafiyar 1567, aka kai su yankin Karibiyan aka sayar. Ƙiyayyar da ya yi wa Sifaniyawa ta samo asali ne daga farmakin da suka kai wa wannan ayari a San Juan de Ulúa, a gaɓar Meziko, a 1568, wato hasarar cinikin bayi ce ta harzuƙa shi.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ne, Aminu, ba zan kare shi a nan ba, ko da yake a 1573 bayin da suka tsere a Panama ne suka haɗa kai da shi aka tare ayarin alfadaran azurfa. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya shiga tashar Cadiz ta Sifaniya a 1587 ya lalata jiragen da ake shiryawa don mamaye ƙasarsa, sannan ya zama mataimakin kwamandan jiragen Ingila a yaƙin 1588, lokacin da rundunar jiragen Sifaniya ta zo mamayar, ya wuce a kira shi ɗan fashi kawai.

Malam Bala: Madalla da kika kawo 1588. A daren da aka ɗora masa jagorancin rundunar, sauran jirage suna bin fitilar bayan jirginsa, sai fitilar ta ɓace, rundunar ta warwatse cikin duhu. Da gari ya waye, sai ga shi ya kama Rosario, jirgin Sifaniya da ya lalace ɗauke da kuɗi. Uzurinsa shi ne wai ya bi sawun wasu baƙin jirage ne. Martin Frobisher, wanda suka yi yaƙin tare, bai yarda da wannan uzuri ba, Hajiya, ni ma ban yarda ba.