Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a: fim ɗin Totò

Ɗan Zinder: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a Brescia da ke Italiya, da dare kuma ina zuwa ajin koyon Italiyanci na baƙi. Malamarmu dattijuwa ce mai kirki, ita ta taimaka min da cike takardu lokacin da na rasa mai taimako, ko kwabo ba ta karɓa ba. Ta ce in zaɓo tsohon fim na barkwanci mu kalla ranar rufe aji. Na zaɓi Totòtruffa 62 na 1961, saboda wurin da Totò, shahararren ɗan wasan barkwancin Italiya, ya sayar wa wani baƙo maɓuɓɓugar ruwa ta Trevi da ke birnin Roma. An riga an sanar. Jiya na kalle shi duka, sai ga Totò ya shafa baƙi a fuska, wai shi jakadan wata ƙasar Afirka. Akwai 'yan Senegal da 'yar Eritiriya a ajin. Wallahi ban yi barci ba. Yaya zan yi?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Canza shi kawai, ƙanena. Na daɗe a ƙasar nan, na san finafinansu. Ba mu kaɗai suka taɓa ba, 'yan Sisili ma kullum masu kishi da kulle mata ake nuna su. Amma baƙar fata ko magana ba a cika ba shi ba. Dubi Zeudi Araya, 'yar Eritiriya, a fim ɗin Paolo Villaggio na 1976: kyanta kawai aka nema. Ka sa Pane e cioccolata, inda Nino Manfredi yake ɗan ci-rani a Suwizalan, har ya rina gashinsa don a ɗauke shi ɗan ƙasa. Su ga su ma an taɓa raina su.

Maman Khalil: A'a Alhaji, a nuna shi, a tsaya a tattauna. Ɓoyewar ce ta sa yaransu ba su san Italiya ta mamaye Habasha a 1935 ba. Ɗana ma a makaranta ana taɓa masa gashi, na yi magana har na gaji.

Bakatsine: Ka tsallake wurin mana, wa zai sani? Ni damuwata wata nawa ina jiran sabunta takardar zama.

Ɗan Zinder: Baba, ai ba da gangan na zaɓa ba. Kuma Totò mutumin Napoli ne, talakawa yake wakilta, malama tana ƙaunarsa ƙwarai. In na canza ba za ta ga na ce mata mai wariya ba?

Baban Ummi: Kunyar malama kake ji, ba ka jin ta yarinyar da Italiya ta mulki kakanninta? Canza shi.

Maman Khalil: Ka tambayi yarinyar tukuna.

Ɗan Zinder: Ba mu saba magana da ita ba, Hajiya. Kuma malama ta riga ta aro faifan daga laburare.