Kalkulas mai haruffa da yawa: me zan duba kafin a koma aji?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ci kalkulas mai harafi ɗaya, amma da ƙyar, musamman intigireshan. Zango mai zuwa za mu shiga mai haruffa da yawa. Wasu na cewa maimaici ne, wasu na cewa nan ake faɗuwa. Don Allah me zan duba a hutun nan?

Ɗalibar injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ƙa'idojin difarensiyeshan suna nan yadda ka san su. In an ba ka x²y, ka ɗauki y a matsayin lamba tsayayya, ka samu 2xy. Ka tsayar da x, ka samu x². Wannan ɓangaren maki ne na kyauta.

Malamin lissafi: Gaskiyarta, amma kada ka saki jiki. Da harafi ɗaya, ta hagu ko ta dama kaɗai ake tunkarar ɗigo. Da x da y kuwa, hanyoyin ba su ƙirguwa. Gwada xy/(x²+y²) kusa da (0,0): ta layin y = 0 sifili za ka samu, ta layin y = x kuma 1/2. Amsa biyu, don haka babu limit. Haka x² − y²: dirabatif ɗinsa duka sifili ne a (0,0), amma wurin ba ƙololuwa ba ne, ba ƙasan rami ba. Siffar sirdin doki gare shi, ta nan hawa, ta can gangara. Ɗalibin da ba ya zane, a nan yake ruɗewa.

Mai tambaya: Na gode Malam. To intigireshan ɗin fa? Shi ne fargabata.

Malamin lissafi: Shi za ka ba hutunka. Intigireshan mai ninki biyu, wanda ka sani ne ake yi sau biyu, daga ciki zuwa waje, sai dai yanzu girman abin da ke ƙarƙashin shimfiɗa ake nema maimakon faɗin fili. Wahalar tana wajen tsara iyakoki, shi ya sa nake cewa a zana yankin tukuna. Tiyoram ɗin Green da na Stokes, da za ku tarar a ƙarshen kwas, faɗaɗa babban tiyoram ɗin kalkulas da ka riga ka karanta ne.

Ɗalibar injiniya: Ka haɗa da bekta, ninkin ɗigo da na giciye. In an koma tsarin r da θ (nisa da kusurwa) kuma, r dr dθ ake rubutawa. Wannan r ɗin ya cinye wa mutane da yawa maki.