Dubu 250 ce a hannuna, wace laftop zan sayo wa gida a ƙauye?

Manomin Riɗi:

Salamu alaikum jama'a, da fatan an yini lafiya. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta. Ni a wani ƙauye nake ta wajen Taura, bana Allah ya sa riɗi ya yi ɗan auki, bayan na cire kuɗin taki da na 'yan ƙwadago na ware dubu 250 na ce sai laftop ta shigo gidan nan. 'Yata ce ta gama sakandare za ta zana JAMB, kuma tun da take ba ta taɓa zama gaban kwamfuta na minti goma ba, a makarantarsu da alli malamin yake zana musu ita a jikin allo. Sannan ni ne sakataren ƙungiyar manoman garinmu, duk lissafin taki da basussuka a wani littafi mai jan bango nake rubutawa, bara da damina ɗaki ya yi yoyo rabin sunayen suka narke, har yau akwai mutum biyu da muke jayayya da su.

To matsalar wuta ce, sai mu yi sati biyu ba mu ga ƙyallinta ba. Ina da fanel ɗaya na sola da batir da muke kunna ƙwai uku da cajin waya. Wani yaro da yake zuwa birni ya kawo min wata yace i7 ce wai ita ce ƙarshe, dubu 180, amma kauri kamar bulo kuma ana zare caja take ɗaukewa. Wani kuma yace kar na kuskura na sayi ta hannu, na nemi sabuwa fil a kwali. Kaina ya ɗaure wallahi.

Mai Gyara ɗan Bichi:

Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara wa gona albarka. Abu na farko, waccan i7 ɗin ka mayar wa yaron da abarsa cikin mutunci. Kwamfutar da ba ta riƙe caji a garin da babu wuta ai ado ce kawai.

Kuma bari na faɗa maka inda ake cin kasuwar mutane da wannan kalma ta i7, wadda sunan furosesa ce, wato injin da ke yi wa kwamfuta lissafi. Sunan kaɗai ba ya nuna komai, sai ka duba lambar da ke biye da shi. In ka ga i7-4600U, lambar farko 4 ce, wato jen na 4, zubi na huɗu kenan, kayan 2013 ne. In ka ga i5-8250U ko i5-8350U, wannan jen na 8 ne, kuma i5 ɗin nan ya fi wancan i7 ɗin nesa ba kusa ba, domin daga jen na 8 ne irin waɗannan furosesa suka koma ƙwaƙwalwa huɗu, na baya biyu ne da su. Akwai kuma maganar Windows, Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga jen na 8 yake farawa. Ana yi wa tsofaffin dabara a ɗora musu, mu ma muna yi, amma in kana da hali ka sayi wadda ta cancanta da kanta.

Da kuɗin nan naka ni shawarata ta hannu za ka nema, amma irin wadda ma'aikatu a Turai da Amurka suka yi aiki da ita suka sauya. Su ne Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490, HP EliteBook 840 G5. Duk kayan wajen 2018 ne, an yi su ne don ma'aikaci ya yini yana dannawa, jikinsu da ƙwari, kuma abin da ya fi min muhimmanci shi ne kayan gyaransu na nan birjik a Kano. Kibod ya mutu akwai, sikirin ya fashe akwai, batir akwai. Ram ɗinsu, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, ba a like yake ba, yau ka sayi mai gig 8 baɗi in riɗi ya sake yin kyau ka ƙara.

Abu uku kar ka sauka daga kansu ko mai shago zai yi ta rantsuwa. Ram gig 8. Ma'ajiya SSD ko da gig 256 ce, ba had-disk mai juyawa ba, shi wancan faifai ne a ciki yake wulwulawa, in ka goya ta a babur kan hanyar burji ko yaro ya ture ta tana kunne to sai dai haƙuri. Na uku batir. Farashi kuma yana bin dala, don haka ka zagaya shago huɗu biyar a Beirut Road ko Farm Centre kafin ka zaro kuɗi, in jen na 8 ya fi ƙarfin aljihu to EliteBook 840 G3 ko ThinkPad T470 za su yi maka aikin lissafi da na JAMB, sai dai ka san da maganar Windows ɗin.

Malama Maman Biyu:

Baba ka ji maganar Mai Gyara. Ni ce nan na yi sayen sabuwa a kwali, ina koyarwa a firamare ta wajen Birnin Kudu, na tara kuɗin adashe na je na ɗauko wata siririya shuɗiya mai kyau kamar ka lashe, ashe kyan ɗan maciji ne. Ram gig 4, ma'ajiyar gig 32 kuma a like take ba a canzawa. Windows kaɗai ya cinye kusan duka, ban saka komai ba take ce min wuri ya cika. In na kunna ta sai na je na ɗora ruwan shayi na dawo tana nan tana juya ɗan zobenta. Ranar da na fi jin haushi ina shigar da sakamakon jarabawar yara 60 da wani abu, ta tsaya cak, na rasa duka. Da na mayar wa mai shagon cewa yayi ai ba lalacewa ta yi ba haka ƙarfinta yake, garanti bai shafi wannan ba. Araha ba ta ado dai.

Abu ɗaya zan yaba mata, tana riƙe caji sosai. Amma me za ka yi da cajin.

Ɗan Poly:

Ni fa a ganina duk wannan wahala ce. Baba ka sayi tablet mai kyau da rabin kuɗin, tana yini da caji, akwai manhajojin gwajin JAMB a ciki, ragowar kuɗin ka sa data. Laftop a ƙauye ƙura ce za ta kashe ta kafin hunturu biyu.

Mai Gyara ɗan Bichi:

Ɗan Poly ƙanina, tambayoyin za ta iya koya a tablet ko a waya ma, ba musu. Amma ranar jarabawa ba shafa gilashi za ta yi ba, kibod da linzami za a ajiye mata. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, kuma na sha ganin yara masu ƙoƙari sun fito suna kuka ba don ba su san amsa ba, hannu ne yake rawa, ta danna abu shafi ya wuce ta rasa yadda za ta dawo. Alhali A, B, C, D ne na zaɓen amsa, N ka yi gaba, P ka dawo baya. Wata ɗaya tana wasa da shi a gida tsoron ya fita. Sannan Baba lissafin mutum sama da ɗari zai yi a Excel, gwada wannan da ɗan yatsa a tablet ka ba ni labari.

Maganar ƙura kuwa gaskiyarka ce. Rabin kwamfutocin da ake kawo min daga ƙauye ba abin da ya same su, in na buɗe sai na tarar fankar ta toshe da ƙura da gashin bargo kamar sheƙar tsuntsu, wata har kyankyaso na taɓa cirowa. Maganinsa kar a ɗora ta kan katifa ko darduma tana aiki, a samo faranti ko ɗan katako, an gama a rufe a sa a jaka a zuge. Bayan hunturu a kai a hure ta. Da bazara kuma kar a bar ta a ɗakin kwano da rana tsaka tana caji, zafi ne yake kumbura batir.

Manomin Riɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama Allah ya mayar miki da alheri. To Mai Gyara ni da ban san kan abin ba ta yaya zan gane batirin mai kyau ne a shago? Kar na yi cinikin biri a sama. Kuma solar tawa za ta iya ɗaukarta ko sai na sayi inbata?

Mai Gyara ɗan Bichi:

Baba kar ka je kai kaɗai, ka tafi da wanda ya ɗan iya, ko malamin kwamfuta na makarantar yarinyar, ka biya masa kuɗin mota. Kuma kar ka aika kuɗi a sayo maka a saka a mota.

In kun je a cika ta da caji a gabanka, a zare caja, a kunna bidiyo da hasken sikirin sosai, ku zauna ku sha ruwa ku yi hira minti 30. In ta sauka kaɗan-kaɗan lafiya, in kuwa daga 80 ta yi tsalle ta dawo 40 to batirin ya gaji. Wanda ka tafi da shi ya buɗe cmd, wato baƙin shafin nan na rubuta umarni a Windows, ya rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da takarda mai nuna ƙarfin batirin lokacin yana sabo da ƙarfinsa na yanzu, in na yanzu bai kai kashi biyu cikin uku ba a canza maka ko a rage kuɗi. T480 batir biyu take ɗauka, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa da hannu, ka tabbata duk biyun suna nan don wasu ɗaya ne a ciki, kuma na wajen akwai babba da ake sayarwa daban, wannan shi ya sa nake son ta ga mutumin ƙauye.

Sai a buɗe Word a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. A gwada duk ramukan USB da filashi. A buɗe farin shafi a duba tabo ko layi a sikirin. A buɗe murfin a rufe sau da yawa a ji ko hinjin yana ƙara. A haɗa ta da hotsifot ɗin wayarka. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, a tabbata babu kalmar sirri a kai, wannan mutane suna mantawa kuma daga baya shi ne ciwon kai. Caja ka ɗaga ka ji nauyinta, jabu ba ta da nauyi kuma zafi take kamar dutsen guga. A ƙarshe rasit mai ɗauke da siriyal lamba da kwanakin gwaji a rubuce, ba da baki ba.

Na Gumel Mai Sola:

Maganar sola bari na sa baki Alhaji. Ba sai ka sayi inbata ba. Waɗannan kwamfutoci ukun da Mai Gyara ya fara lissafawa duk suna caji ta ramin USB-C, to akwai caja irin ta mota mai wat 65 da ake haɗawa kai tsaye da batir mai bolt 12, sai kebul mai kyau da zai ɗauki wat ɗin. Inbata shi kansa cin wuta yake ko ba a jona komai ba. Amma ka ce a gwada cajin ta ramin tun a shago, don na hannu wani ramin ya riga ya mutu. Ka riƙa yin cajin da rana daga hantsi zuwa azahar lokacin fanel yana bayarwa, in ka bari sai dare to ƙwayayenka uku ne za su mutu kafin isha'i uwargida ta ce kwamfutar ta fita mata daga gida. Fanel ɗin naka wat nawa ne, batirin kuma am nawa?

Manomin Riɗi:

Hhhh Na Gumel ka san halin gida kenan. Fanel ɗin an rubuta 150 a bayansa, batirin kuma sai na duba in na koma, yanzu ina kasuwa. Na yi magana da malamin su yarinyar yace Asabar ba shi da aiki, za mu yi sammako mu shiga Kano. Na rubuta T480 da 5490 da 840 G5 a bayan katin ƙungiya. Shi kuma yaron mai i7 na mayar masa ɗazu, yace wai ya rage min dubu 30, nace a kai kasuwa.