Agwagwar roba mai tsayin mita 16 da rabi: me za mu kira irinta?

Jama'a, masu fassara da malaman Hausa, ku taimaka. Jiya ina fassara labari na ci karo da abin da Turawa ke kira public art, wato aikin fasaha da ake kafawa a fili don kowa ya gani, amma irin shirgegen nan mai ban dariya. Na yi minti ashirin ina kallon takarda.

Ga abin da nake nufi. A watan Mayun 2013 wani mai fasaha ɗan ƙasar Holan, Florentijn Hofman, ya kai agwagwar roba ruwan ɗorawa tashar jiragen ruwa ta Victoria a Hong Kong. Irin wadda ake jefa wa jariri a baho ce, sai dai an hura ta ta kai mita 16 da rabi. Manya da kwat da jakar ofis suka yi ta layi suna ɗaukar hoto kamar yara ranar sallah. Da ta sace ta kwanta a kan ruwa, har jaje aka yi ta yi a intanet. A 2023 ta dawo, su biyu wannan karon.

Na fara rubuta "mutum-mutumi". Na goge. Agwagwa ba mutum ba ce. Kuma a Filadelfiya ta Amurka akwai abin maƙale kaya a igiyar shanya, mai kusan mita 14, da Claes Oldenburg ya kafa a 1976. Shi ma mutum-mutumi ne?

Wani ya ce "gunki". A'a, malam. Gunki bauta masa ake yi. Ka faɗa a rediyo cewa an kai gunki bakin ruwa jama'a sun yi cincirindo, sai ka kwana kana amsa waya.

"Sassaƙa" ta fi kusa, amma sassaƙa aikin gizago ce: turmi, akushi, kujerar tsugunno. Agwagwar hura ta aka yi. Ɗan kwikwiyon da mai fasaha Jeff Koons ya yi, da ke zaune a ƙofar gidan tarihi na Guggenheim a Bilbao ta Sifen tun 1997 kuwa furanni ne masu rai a jikin ƙarfe, ana ba su ruwa ta ciki. Ina gizago a nan?

Wata 'yar uwa ta kawo "adon gari". Ya yi daɗi a baki, amma yana da masu shi. Mata adon gari. Ba da ni za a ƙwace musu kirari a ba agwagwa ba.

Ni kaina na so "tsanar gari", daga 'yar tsana. Sai da na rubuta na ga a takarda ya koma ƙiyayyar gari. Na janye.

Abin da duk waɗannan suka rasa shi ne dariyar. Daɗin abin nan shi ne an ɗauki abu ƙanƙani, wanda kake riƙewa da yatsu biyu, an mayar da kai ƙaramin. Babu tikiti, babu mai gadi yana hararar takalminka. Sunan ma jama'a ke raɗawa: Anish Kapoor ya kira nasa na Shikago Cloud Gate, mutanen gari suka dube shi suka ce wake ne, kuma waken ya bi shi.

Don haka ga nawa: ƙirar wargi.

Ƙira, domin ta wuce maƙera tuni. Muna cewa mota ƙirar Jamus, waya ƙirar Sin; ba ruwanta da ko hurawa aka yi ko narkawa. Wargi kuwa, wasa ne da gangan, na mai hankali.

Na san Kanawa za su ce "raha" ta fi shiga kunne. Na gwada: ƙirar raha. Ta yi laushi da yawa, kamar hirar tsakar gida. Wargi ya fi tsokana, kuma tsokana ce a dasa cokali mai girman tirela a lambu, kamar yadda Oldenburg da matarsa Coosje van Bruggen suka yi a Minneapolis a 1988.

Girman fa? Hausa ba ta talauce a nan ba. Shirgegiya, narkekiya, ribɗeɗiya, ka zaɓa. A labarin jiya na sa: "An kai wata narkekiyar ƙirar wargi bakin ruwa." Edita ya karanta, ya yi dariya, bai taɓa ba.

Saura jam'i. Ƙere-ƙeren wargi na rubuta, amma yana min ƙamshin labarin kimiyya. Sakkwatawa, wargin naku ne, ku gyara min.