Wa ya taɓa shuka suwicgiras don makwancin barewa? Tawa na kusa sa mata garma

Ɗan Ayowa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa yi da hannunsu nake nema, ba masu "an ce" ba. Ni da wani abokin aikina muna da ɗan fili a kudancin jihar Ayowa ta Amurka inda muke farautar barewa mai farar wutsiya, matsalar ita ce barewar da dare kawai take ratsawa, gari na wayewa ta koma duhuwar maƙwabci ta kwanta saboda namu fetal yake, ko zomo ba zai ɓuya ba. Aka ce min in shuka suwicgiras, wata doguwar ciyawa ta nan Amurka da barewa ke ɓuya a ciki. A watan Maris na watsa irin nau'inta da ake kira Cave-in-Rock a eka 5, laba 6 duk eka, a kan sauran ƙanƙara kamar yadda aka koya min. Yau ga shi ƙarshen Yuli wallahi ba abin da nake gani sai wannan hakin mai kai kamar kyasuwa da suke kira fokstel, har ƙugu. Kuɗin iri sun tafi. In sa garma in kife in sake ko yaya?

Kawu na Mizuri: Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka kuskura ka sa garma, ajiye ta tukuna. Ni ma a shekarar farko haka na tsaya bakin filina ina ta salati. Ciyawar nan a shekarar farko ƙasa take yi ba sama ba, saiwa take kafawa, kuma in ta girma saiwar na iya nutsawa kusan ƙafa 10. Daga tsaye ba za ka ganta ba, sai ka durƙusa ka buɗa hakin da hannu. Nemi ɗan tsiro mai zagayayyen kara, gindinsa ja-ja kamar an shafa masa lalle, kuma daidai inda ganye ya haɗu da kara akwai ɗan tattaren farin gashi. In kana samun ko guda ɗaya a kowace ƙafa murabba'i to gonarka ta kama. Tawa a shekara ta biyu ta kawo min ƙirji amma tsilli-tsilli, sai a ta uku ta rufe har in na shiga ba a hango hulata.

Maharbin Wiskonsin: Kafin mu ba shi haƙuri a tambaye shi tukun, me ke cikin filin kafin ya watsa irin? Don ni nan na faɗi. Karon farko tsohuwar makiyaya ce mai ciyawar burom da ta yi shekaru, na fesa maganin kashe ciyawa gilaifoset sau ɗaya na ce shi ke nan, ashe bacci ta yi ba mutuwa ba, ita ciyawar sanyi ce tun Afrilu ta farfaɗo ta shimfiɗe, alhali suwicgiras ciyawar zafi ce ba ta motsi sai ƙasa ta ɗumama wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ko da ta tsiro an riga an cinye mata wuri. Shekara biyu na jira a banza. Karo na biyu sai na bai wa wani manomi ya yi waken suya a wurin shekara guda, ya bar min ƙasa tas, na watsa iri a Fabrairu, da bazara kafin ta tsiro na fesa gilaifoset da simazin, maganin da ke hana sabon haki tsirowa. Bambancin kamar dare da rana. Wasu atirazin suke sawa amma shi sai mai lasisin feshi ake sayar wa.

Ɗan Ayowa: Yayana, ka taɓo inda ke min ciwo. Tsohuwar makiyaya ce, feshi ɗaya na yi a Oktoba. Simazin kam ban sa ba. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, a watan Mayu na watsa mata yuriya buhu biyu wai in taimaka mata.

Maharbin Wiskonsin: Hahaha yuriya! To ai fokstel ka yi wa walima ƙanena. Ba masara ba ce, shekarar farko ba a ba ta takin naitirojin sam, haki ne ke shanyewa ya danne ta.

Maman 'yan biyu, Ohayo: Sannunku. Mu namu kuskuren daban ne, zurfi. Maigidana ya yi hayar injin shuka marar huɗa daga ofishin kula da ƙasa da ruwa na ƙaramar hukumarmu, bai tsaya ya daidaita shi ba aka binne irin kusan inci guda, alhali ƙwayar ƙanana ce kamar acca, ba ta son wuce kwatan inci, gara ma ka ga wasu a fili a kan ƙasa. Rabin filin bai fito ba. Shi ya sa yanzu na fi yarda da watsawa kan ƙanƙara, ni binne yake tuna min, yadda ake zuba gero a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Sai dai nan sanyin ne ke aikin, daskarewa da narkewa su ja ƙwayar cikin ƙasa, kuma sanyi da laima su farkar da irin, don sabon iri da yawansa ba ya tsirowa in bai sha sanyi ba. Ɗan Ayowa duba takardar jikin buhunka, akwai inda suke rubuta kason irin da ke bacci, wani sai baɗi zai fito maka.

Kawu na Mizuri: Gaskiyarki 'yata. Batun yanzu kuma, yanka zai yi. Ɗaga wuƙar injin sama, kamar inci 10 zuwa 12, ka sare kan fokstel kafin 'ya'yansa su nuna, ka bar tsiron naka a ƙasa ya sha rana. Da tun yana gwiwa ka yanka ya fi, yanzu da ya kai ƙugu tarkacen zai yi yawa, in ya taru wuri ɗaya zai shaƙe ƙananan, sai ka bi ka baza. Akwai maganin kwinkolorak da ke kashe fokstel ya bar suwicgiras amma yana ƙarami ake fesa shi, wanda ya fitar da kai ɓarnar kuɗi ce.

Baƙon Mishigan: Ni bari in kawo abin da ba a faɗa wa mutum sai ya gama wahala. Tawa ta kama sosai, eka 8 a dunƙule, ta yi kyau a hoto, amma da na shiga a watan Maris ina neman makwanci da kashin barewa sai na ga duk a gefe-gefe suke, tsakiya ba komai. Dalili barewa ba cin ta take ba, sutura ce kawai, kuma ba ta son kwanciya inda ba abin tsinka kusa da bakinta, ga duhu ya yi yawa ba ta hango abin da ke tahowa. Sai da na koma na kashe wasu wurare a ciki kamar faɗin tsakar gida, na bar haki mai faɗin ganye da ƙananan itatuwa suka fito, na dasa 'yan itatuwan dogwud da sifurus, na yanka siraran hanyoyi masu lanƙwasa suna haɗa su. A kakar da ta biyo baya, lokacin barbara a Nuwamba, a nan matan suka tare, mazan kuma ai kun san inda mata suke nan suke. Don haka Ɗan Ayowa in wani ɓangaren naka ya ƙi kamawa kar ka damu ka cike shi, ramukan da ni na biya kuɗi na yi kai ka samu kyauta.

Maharbin Wiskonsin: Wannan haka yake. Abin da ya sa duk da haka muke manne mata shi ne dusar ƙanƙara. Na gwada babbar bulustem, wadda dangin gambarmu ce ta gida, in ka ganta a Satumba sai ka rantse a bakin fadama kake za a yanko ta a yi zana, amma ƙanƙara mai nauyi na sauka ta kwanta shamo-shamo. Suwicgiras karanta ya fi tauri, ko ta rusuna tana miƙewa. Inda ƙasa ke riƙe ruwa kuma nau'in suwicgiras da ake kira Kanlow ta fi Cave-in-Rock, ta fi tsayi ma, sai dai asalinta daga Oklahoma ne, can arewa sosai sanyi na iya yi mata illa, ni ban sa ta ba.

Kawu na Mizuri: Saura wuta, ko da yake kai da sauranka. Duk shekara uku zuwa biyar ake ƙona ta da bazara don tsohon kara ya tafi. Kar ka ɗauka irin ƙunar sharar gona ce. Ranar da na fara, iska ta juya min, harshen wutar ya fi rufin ɗaki tsayi, Allah ya taimake ni na riga na kewaye filin da garma kuma akwai kuloba, wata gajeriyar ciyawa, kore shar a gefe. Tun daga ranar ba na kunnawa sai na sanar da 'yan kwana-kwana, ga mutum huɗu da tankin ruwa, kuma rabi nake ƙonawa in bar musu rabi. Wanda filinsa ke cikin shirin CRP na gwamnati, inda ake biyan mutum ya bar filinsa da ciyawa ba noma, kuma ya fara tambayar ofis, yanka da ƙuna duk da lokacinsu a yarjejeniya saboda tsuntsaye masu sheƙa.

Ɗan Ayowa: Jama'a na dawo daga filin yanzun nan, gwiwoyina duk taɓo, kaska biyu na cire a ƙafa. Kawu Allah ya ƙara girma, tana nan! Wajen tudu ina samun ɗaya zuwa biyu duk inda na buɗa, tsayinsu bai fi tafin hannu da rabi ba, gindi ja kamar yadda ka ce. Gangaren rafi ne dai burom ta dawo ta cinye kusan eka guda, can ban ga ko ɗaya ba. Asabar zan yanka in sha Allahu. Wancan eka ɗayan in sake fesa shi da kaka ne ko in bar shi ya zama ramin da Baƙon Mishigan ke faɗa?

Baƙon Mishigan: Fesa shi, burom ba ta da amfani ga barewa ko kaɗan. Bari sai sanyin farko ya busar da suwicgiras ɗin ita kuma burom tana kore, ka bi ta da gilaifoset, amma kar ka sake watsa iri a wurin, bar shi ka ga abin da ƙasar za ta fitar da kanta.