Wa ya taɓa koyon Turanci ta labarin matuƙan jiragen ruwa?

Malama Binta, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Turanci nake koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya san kalma amma bai san abokiyar tafiyarta ba. Sai ka ga ya rubuta "strong rain", alhali Bature "heavy rain" yake cewa, iska ce yake ba wa "strong". A zangon nan na ajiye jerin kalmomin hadda, na ɗauko labarin Magelan, wani jagoran matuƙan jiragen ruwa ɗan ƙasar Fotugal. Ya bar Sifen a watan Satumba na 1519 da jirage 5, aka kashe shi a tsibirin Maktan na Filifin a 1521, jirgi ɗaya tak ya dawo a 1522 da mutum 18. Da suka ji tashin jiragen suka tsinci "set sail", da guzuri ya ƙare a tekun Pasifik suka tsinci "run out of food", da ya murƙushe boren wasu daga cikin mutanensa suka tsinci "put down a mutiny". Bayan wata guda na yi musu gwaji, yawancinsu ba su manta ba. Ko akwai wanda ya bi wannan hanya? Ina son jin yadda ta kaya muku.

Baban Ummi, Zariya: Wa alaikumus salam Malama. Ni a kaina na gwada, lokacin da nake shirin jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta IELTS. Ina karanta yadda jirgin Kyaftin Kuk, Endeavour, ya hau kan duwatsun murjani a gaɓar Ostareliya a watan Yuni na 1770, sai na rufe shafin na sake ba da labarin da Turancina: "the ship hit the ground". Da na buɗe sai na tarar da "ran aground". Daga ranar na daina rubuta kalma ita kaɗai a littafina, sai da 'yar rakiyarta.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne mu ma haka Hausarmu take. Muna shan magani, mu sha iska, mu sha wahala. Muna cin bashi, mu ci kasuwa, a ci amana. Babu wanda ya zaunar da mu ya jera mana su, a cikin hira da tatsuniya muka ji. Wannan "sha" ɗin ne ma ke sa yaranmu cewa "drink medicine" a maimakon "take medicine". Ki ba su labarin likitan jirgin ruwan nan James Lind, wanda a 1747 ya gwada lemon zaƙi da na tsami a kan matuƙan da ciwon ruɓewar dasashi ya kama, za ki samu wurin cusa musu wannan.

Issoufou, Maradi: Mu da muka yi boko da Faransanci tarkonmu daban ne. A Faransanci, anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi a ruwa, jefa ta ake yi, don haka na daɗe ina cewa "throw the anchor". Labarin Bartolomeu Dias, wanda ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka a 1488, shi ya koya mini "drop anchor" da "round the Cape".

Sani mai shagon waya: Ku yi haƙuri, ni fa ban gamsu ba. Na gwada da ƙanena, ya haddace "weigh anchor", wato ɗaga anka don jirgi ya tashi, tsaf, to ina zai kai ta? Yaron da ko tafkin Tiga bai taɓa gani ba. Gara a koya masa Turancin banki da na asibiti.

Baban Ummi: Malam Sani, a kan "weigh anchor" da gaskiyarka, ni ma ban taɓa buƙatarta ba. Amma da yawansu sun daɗe da hawowa tudu. Buɗe shafin kasuwanci na jaridar Turanci ka ga "weather the storm", da "uncharted waters", da "change course", da "on board". Wanda ya san jirgin da ke bayan maganar ba ya ruɗewa.

Hadiza, ɗalibar tarihi: Malama, don Allah ki tsaya da su a kan kalma ɗaya: "discover". A firamare an sa mu rera cewa Mungo Park ne ya gano kogin Neja. Kakata 'yar Yawuri ce, danginta masunta ne kaka da kakanni, kuma a Busa, ƙasa kaɗan da su, Mungo Park ya halaka a 1806. Ranar da na haɗa waɗannan biyun raina ya ɓaci ƙwarai. Haka Basko da Gama, matuƙin jirgi ɗan Fotugal: sai da ya samu jagora masanin teku a Malindi ta gaɓar gabashin Afirka kafin ya ƙetara zuwa Kalikut ta Indiya a 1498, hanyar da Larabawa da Indiyawa da Suwahilawa suka shekara ɗaruruwa suna fatauci a kanta. Yanzu in zan yi rubutu sai na tambayi kaina me mutumin ya yi: isa ya yi, "reached", bincike ya yi, "explored", ko taswira ya zana, "charted". Malaminmu ya taɓa dawo mini da takarda ya ja layi ƙarƙashin "discovered" har wuri huɗu, ya rubuta a gefe da jan biro: a wurin wa?

Malama Binta: Hadiza, Allah ya yi miki albarka, wannan darasin ranar Litinin ne. Malam Sani, na ji ka, zan tace na bar waɗanda ke aiki a tudu. Saura guda: har yanzu suna cakuɗa "voyage" da "journey" da "trip". Ina tunanin tafiye-tafiye 7 na Zheng He, jagoran jiragen ruwan ƙasar Sin, tsakanin 1405 da 1433, tunda jiragensa sun kai gaɓar gabashin Afirka. Wanda ke da gajeren rubutu a kansa cikin sauƙaƙan Turanci, bai wuce shafi biyu ba, ya taimaka ya turo mini kafin Juma'a.